Ayarin Basfa a Ƙauyukan Italiya



Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1970 zuwa 1980, ba sai an yi masa bayanin basfa ba. Ita ce abin hawan malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, musamman bayan an biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, lokacin da ta cika gari. Mahaifina yana da ita. Kowa ya san al'adar masu ita: a ɗan kwantar da ita gefe guda kafin a taka ta ta tashi, a naɗe babbar riga a kan cinya, a tsayar da ƙaramin yaro a gaba, uwargida kuma ta zauna a baya a kaikaice.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne inda aka haifi wannan babur. Garin Pontedera ne, kusa da Pisa, a yankin Toskana na ƙasar Italiya. Kamfanin Piaggio jiragen sama yake ƙerawa, sai aka ragargaza masana'antarsa da bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu. Da ƙura ta lafa, ƙasa ta talauce, hanyoyi sun lalace, mutane ba su da kuɗin mota. Mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya sa wani injiniyan jirgin sama mai suna Corradino D'Ascanio ya zana masa abin hawa mai araha. Shi kuwa D'Ascanio ba ya ƙaunar babur, yana ganin ƙazanta ce kawai: sarƙa na fesa wa mutum baƙin mai, ga wahalar cire taya idan an yi faci. Saboda haka ya kawar da sarƙar, ya maƙala injin a jikin tayar baya ya rufe shi, ya sa garkuwa a gaba don tare taɓo, ya mayar da giya hannu, ya bar fili a tsakiya yadda mutum zai zauna kamar a kujera ba sai ya ɗaga ƙafa ya haye ba. An shigar da takardar mallakar zanen ranar 23 ga Afrilu, 1946. Sunan Vespa kuwa a bakinsu zanzaro yake nufi, saboda siririn ƙugu da ƙugin injin. Mu ne muka mai da shi basfa. Ba don mu aka yi ta ba, amma har gobe ban ga babur ɗin da ya dace da mai babbar riga kamarta ba.

To, a ƙarshen watan Oktoba na 2019 wani kwas na wurin aiki ya kai ni birnin Fulorans, wanda su suke kira Firenze. Da aka gama sai kwana huɗu suka rage mini kafin ranar jirgi. Abokan tafiyata suka nufi Roma sayayya, ni kuwa na biya kuɗi na shiga wani ayari na masu yawon ƙauye a kan Vespa, tafiyar kwana uku tsakanin Fulorans da Siyena. Wannan sana'a ce babba a can. Kamfani ne zai ba ka babur da hular kwano da mai da masauki da ɗan jagora, kai kuma ka kawo lasin ɗinka na gida da na ƙasa da ƙasa. Babur ɗin da injinsa bai wuce 125 ba, lasin mota ya isa a tuƙa shi a Italiya. Kuma hannun dama suke bi, kamar yadda muke bi a Nijeriya tun 1972, saboda haka ban sha wahalar da Baturen Ingila da ke cikinmu ya sha ba.

Mu goma sha ɗaya ne. Akwai Amurkawa huɗu, da miji da mata daga Ostareliya, da wasu mata biyu Jamusawa, da Baturen Ingilan nan, da wani ɗan Indiya, sai ni. Kafin a bar kowa ya hau titi, sai da aka kai mu wani fili a bayan gari aka gwada mu ɗaya bayan ɗaya: ka tashi, ka zagaya, ka taka birki, ka tsaya ba tare da ka yi tangaɗi ba. Vespa ta yanzu ba ta da giyar hannu, totur ne kawai da birki biyu, amma duk da haka wani Ba'amurke ya faɗi gwajin. Aka ce masa sai dai ya zauna a motar da ke bin mu a baya da kaya. Ya yi ta faɗa, wai shi ya biya kuɗinsa. Jagoran ya saurare shi har ya gama, ya ce masa kuɗi ba sa riƙe kan babur a kwana.

Tun daga nan na raɗa wa jagoran suna madugu a zuciyata, domin tsarin nasu bai da maraba da na fataken da kakanninmu suka ba mu labari, masu zuwa Gwanja sayen goro. Madugu a gaba, ba mai wuce shi. Motar kaya a baya, ba mai komawa bayanta. Kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa. Sai doka ta ƙarshe, wadda ta fi burge ni. Madugu ya ce, "Kada ka damu da wanda ke gabanka, ya riga ya san hanya. Na bayanka shi ne amanarka. Ka riƙa duba madubi. In ka daina ganinsa, ka tsaya." Ka ga idan na ƙarshe ya samu matsala, na gabansa zai tsaya, na gaban wancan ma ya tsaya, har labari ya isa ga madugu ba tare da an buga waya ba. Mutanen da jiya ba su san juna ba, yau kowa na ɗauke da nauyin wani a cikin madubinsa. Ni wadda ke bayana ɗaya daga cikin Jamusawan nan ce, dattijuwa mai kusan shekara sittin da biyar, kuma kwana uku ban yi minti biyu ban leƙa farar hular kwanonta ba.

Hanyar da muka bi ita ce mai lamba 222, wadda ta ratsa tsaunukan Kiyanti. Haka ake furta sunan, ko da yake Chianti suke rubutawa. Tsawonta daga Fulorans zuwa Siyena kusan kilomita 70 ne, abin da mota za ta cinye cikin awa biyu, amma mu kwana uku muka yi muna ratse-ratse. A nan na gane abin da mutane ke biyan kuɗi su saya. Wanda ke cikin motar 'yan yawon buɗe ido kallon ƙasa yake ta gilashi, kamar mai kallon talabijin. Mai babur kuwa a cikin ƙasar yake. In ka gangara kwari sanyi ya ratsa rigarka, in ka hau tudu rana ta taɓa bayanka. Kana jin ƙamshin hayaƙin itace daga gidajen gona, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ƙarar ƙararrawar coci daga wani ƙauye da ba ka ma gani ba tukuna. Ganyen inabi ya yi ruwan ɗorawa domin an gama girbi, bishiyoyin zaitun sun yi toka-toka, ga wasu dogayen itatuwa sirara tsaye a jere a bakin hanya kamar dogarai. Ba ma wuce gudun kilomita 50, kuma ba wanda ya nemi ƙari, domin kwana ce bayan kwana. Madugu ya kuma gargaɗe mu da aladun daji, waɗanda kan faɗo wa titi ba sallama, musamman da almuru.

Zangonmu na farko shi ne Greve, ƙaramin gari mai dandalin kasuwa mai kusurwa uku. A tsakiyarsa akwai mutum-mutumin Giovanni da Verrazzano, matuƙin jirgin ruwan da ya shiga mashigin Niyok a 1524. Ko'ina ka duba a yankin nan hoton baƙin zakara ne, a jikin shaguna da alluna. Madugu ya ba mu tatsuniyarsa. Wai da can Fulorans da Siyena sun gaji da yaƙi a kan iyaka, sai suka shirya kowane gari ya saki mahayin doki da carar zakara, inda suka haɗu nan ce iyaka. Mutanen Siyena suka sami farin zakara suka cika masa ciki. Na Fulorans suka kulle baƙin zakara a duhu ba abinci. Yunwa ta sa ya yi cara tun tsakar dare, mahayinsu ya yi sammako, ba su haɗu da ɗan Siyena ba sai a Fonterutoli, dab da ƙofar garinsu. Na ce a raina, Gizo ma ya zo nan ya yi zamani.

Sai dai zakaran nan tambarin giyar inabi ce, wadda ita ce arzikin yankin tun kafin 1716, shekarar da sarkin Toskana Cosimo na Uku ya shata iyakar ƙasar da ake yin ta. Duk inda aka zauna cin abinci akwai ta, ga naman alade iri-iri a faranti. Tun a takardar shiga na rubuta musu abin da ba na ci da abin da ba na sha, kuma ba wanda ya matsa mini. Masu tuƙi ma ba a barin su su sha sai an sauka da dare. Ban kwana da yunwa ba. Akwai wata miyar wake da kabeji da busasshen burodi da suke kira ribollita, abincin talakawan da, akwai cukun madarar tumaki, akwai burodinsu wanda ba a sa masa gishiri ko kaɗan. Salla kuwa ƙasaru nake yi, in haɗa azahar da la'asar a gindin zaitun. A rana ta biyu, dattijuwar nan ce da kanta take nuna mini agogo idan lokaci ya yi.

Daren farko a wani tsohon gidan gona na dutse muka kwana, kusa da Castellina. A nan madugu ya ɓata mana daɗin kallo kaɗan, kuma na gode masa. Ya ce wannan kyan da muke ta ɗauka a hoto talauci ne ya gina shi. Ɗaruruwan shekaru ana noman ƙasar nan da wani tsari da suke kira mezzadria, wato noman raba-daidai. Mai ƙasa yana birni, ya ba manomi gida da gona, manomi da 'ya'yansa da jikokinsa su yi aiki, in an girbe a raba biyu. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya tilo a kan kowane tudu. Kakansa a irin wannan gida ya rayu, mutum kusan ashirin a sama, shanu a ƙasa, ba lantarki ba famfo. A shekarun 1950 da 1960 matasa suka watse zuwa masana'antu, a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar raba-daidai, gidaje suka zama kufai. Daga baya baƙi masu kuɗi suka saye wasu, sannan dokar 1985 ta tsara yadda manomi zai riƙa saukar da baƙi a gonarsa don kuɗi. Ɗakin da na kwana a ciki, in ji shi, garken shanu ne a da. Ya yi dariya ya ce, "Mahaifina a kan Vespa ya gudu daga ƙauyen nan. Ni kuma a kan Vespa nake kawo ku ku gani."

Na tambaye shi, to da kowa ya gudu, wa ke aikin gonar yanzu? Ya ce gobe zan gani.

Washegari da hantsi muka sauka daga kwalta muka hau farar burji zuwa wata gonar zaitun, domin lokacin girbi ne. An shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiyoyi, ma'aikata na tsefe rassa da wani abu mai kama da matsefi a kan dogon sanda, 'ya'yan na zubowa. Mai gonar ya ce a ranar ake kai su wurin matsa, kuma kilo 100 da ƙyar ya ba da kilo 15 na mai. Ya nuna mana kututturan da suka sake tohowa bayan sanyin Janairun 1985, wanda ya kashe bishiyoyin zaitun masu ɗimbin yawa a Toskana. Aka gasa burodi aka goga tafarnuwa aka zuba sabon mai, kore shar, mai yaji a maƙogwaro. Ina cikin ci ne na lura ma'aikatan nan, in ka cire dattijo ɗaya, babu ɗan Italiya a cikinsu. Wasu kamar 'yan Pakistan, wasu baƙaƙe irina. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallon hular da na fito da ita daga aljihu na sa bayan na cire ta kwano. Can ya matso yana goge hannu a wando ya ce, "Salamu alaikum. Alhaji, kana jin Hausa?"

Jama'a, ban san lokacin da na ajiye burodin ba.

Yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ɗan Zangon Kumasi a ƙasar Gana, da irin Hausarsu ta can. Ya ce kakan kakansa daga Katsina ya tafi fataucin goro bai koma ba. Shi kuma ya taso ya biyo ta Yamai da Agadas, ya ratsa hamada zuwa Sabha, ya yi shekara guda yana aikin gini a Tarabulus, sannan ya hau kwalekwalen roba a 2016. A wannan shekara mutum sama da 180,000 ne suka shiga Italiya ta ruwa, fiye da 5,000 kuma suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Na tambaye shi su nawa suka taso daga gida. Ya ce su huɗu. Ban tambayi sauran ba, shi ma bai faɗa ba.

Na ce, "Ƙanena, yaya aikin?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji. In inabi ya ƙare sai zaitun, in zaitun ya ƙare sai jira."

Ba mai gonar ne ya ɗauke shi kai tsaye ba, wani ɗan kwangila ne ke kwaso su a mota da asuba, kuma yana cire kuɗin motar daga ladansu. Italiya ta tsaurara doka a kan masu cin gumin leburorin gona a 2016, amma wanda takardarsa ke hannun hukuma yana jiran hukunci ba ya son yawan magana. Ya tambaye ni nawa na biya na hau babur ɗin. Na faɗa masa. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "Don yawo kawai?" Na ce don yawo kawai.

Da madugu ya daga hannu alamar tafiya, sai yaron ya ce yana da roƙo ɗaya. In bar shi ya zauna a kan Vespar in ɗauke shi hoto da wayarsa, zai aika wa mahaifiyarsa. Ya cire rigar aiki, ya karɓi gilashina ya sa, ya riƙe kan babur yana murmushi, ga tsaunuka da gidan dutse a bayansa. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na san abin da uwa za ta ji in ta gan shi, hankalinta zai kwanta ta yi barci. Na kuma san abin da ƙannensa da samarin unguwarsu za su gani a ciki. Na miƙa masa wayar, muka yi musabaha, ya ce in gaida mutanen Katsina, garin da bai taɓa gani ba. Kakanninsa da madugu suka je Gwanja, wanda amanar kowa ke wuyansa. Shi kuwa waɗanda suka ratsa da shi hamada ba sa duba madubi.

Da yamma muka bi ta Monteriggioni, ƙauyen da Siyena ta zagaye da ganuwa mai hasumiya 14 a farkon ƙarni na 13 don tsoron Fulorans. Rana ta uku muka shiga Siyena, muka ajiye babura a bakin ganuwa muka taka da ƙafa zuwa dandalin Campo, inda ake sukuwar dawakin da ake kira Palio duk ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne a garin, goma ke shiga kowace sukuwa, zagaye uku, ba sirdi. Amma ba sukuwa ce ta tsaya mini a rai ba. A cikin fadar hukumar gari akwai wani ɗaki da wani mai zane, Ambrogio Lorenzetti, ya zane bangonsa tsakanin 1338 da 1339, bisa umarnin mutum tara da ke mulkin garin, a ɗakin da suke zama su yanke shawara. Bango ɗaya yana nuna ƙasar da ake mulki da adalci. A cikin birni ana gini ana ciniki ana rawa. A wajen ganuwa ga tsaunukan nan da muka ratso, kamar jiya aka zana su: ana shuka, ana girbi, ana sussuka, jakuna ɗauke da buhuna sun nufo kasuwa, masu farauta sun fita a kan dawaki. A saman ƙofar gari an zana aminci a siffar mace mai fukafukai, hannu ɗaya riƙe da takardar da ke ba kowa izinin tafiya da noma ba fargaba, ɗaya hannun riƙe da gungumen rataye mai laifi. Bangon da ke fuskantarsa kuwa azzalumin sarki ne mai ƙaho, an ɗaure adalci a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙauyuka na cin wuta, gonaki sun bushe, babu kowa a hanya sai masu makami, tsoro na shawagi a sama da takobi.

Sauran 'yan ayari tarihi suke kallo. Ni kuwa bangon biyu duk na san su. Na san lokacin da mutum zai hau babur daga Funtuwa zuwa ƙauyen kakanninsa bayan isha'i, abin da yake tsoro bai wuce faci ba. Na kuma san abin da ƙugin babura da yawa yake nufi yau ga mutumin ƙauye a Zamfara ko yammacin Katsina in ya ji shi da tsakar dare. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, a 2021 kuma Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgar babura saboda 'yan bindiga. Mu goma sha ɗaya mun shiga ƙauyuka a jere, baƙi, fuskokinmu a rufe, abin da muka samu shi ne tsofaffi na ɗago mana hannu daga bakin ƙofa.

Muna da Dutsen Kwatarkwashi, muna da dajin Falgore, muna da Kufena da kasuwannin ƙauye da ba su da na biyu. Ba kyan ƙasa muka rasa ba, ba kuma babura ba. Abin da kamfanin nan ya sayar mini na kwana uku, in an tace, hanya ce da za ka tsaya a gefenta ka cire hula ka yi salla ba ka waiwaya ba. Mutanen Siyena sun san ba daga sama take faɗowa ba, shi ya sa suka zana ta a inda masu mulki za su ɗaga kai su gan ta kullum. Sai dai a zanen nasu masu girbi 'yan gari ne. Da Lorenzetti zai dawo ya sake zana gonakin nan, da fuskar yaron Zango zai sa a gindin zaitun, kuma ban san a wane bango zai sa shi ba.

Lambarsa na nan a wayata. Mukan gaisa da salla. Ya samu takarda daga baya, yana aiki a wani wurin gyaran motoci, ya ce yana tara kuɗin babur. Ƙaninsa ne yanzu ke damunsa da maganar tahowa, shi kuma yana ta hana shi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kai matafiya gida.